“To” Ta Ba Ni Aiki, “To” Kuma Baba Ya Ce

Assalamu alaikum, Hajiya Karimatu.

An ɗauke ni aiki. Wani kamfanin ba da shawara kan tafiyar da harkoki, irin waɗanda a nan ake kira kabine, ya kira ni a waya makon jiya ya ce in shirya: horo na wata uku a Duwala, daga nan in dawo ofishinsu na Garwa. Don Allah ki taimaka mini, domin tun ranar murna da ruɗani suke kokawa a cikina, kuma duk wanda zan kai wa maganar a gida sai ya fara yi mini dariya kafin ya saurare ni.

Ni ɗan mahauci ne. Kakana fawa ya yi a kasuwar Garwa, Baba ya gada, yayana Kamilu yana kai yanzu. A gidanmu lissafi ba koyonsa ake yi ba, da shi ake tashi. Ni kaɗai na fita daban. Tun ina firamare, da an rubuta lamba a allo sai kaina ya ɗau zafi. An taɓa zaunar da ni a teburin nama a wani hutu, ba a daɗe ba aka ce in koma gida in yi karatuna, Kamilu yana cewa da na ƙara mako ɗaya da har teburin sai an sayar. Malam Tarihi yake kirana har yau, in ya ji tsokana kuma ya ce mai ƙirga matattun sarakuna, wai su kaɗai nake iya ƙirgawa saboda ba sa motsi.

A lise, wato sakandare, ɓangaren adabi na bi. Na ci bak, jarrabawar fita sakandare, da kyau, amma makin lissafina ba na faɗa ba ne. Na tafi Maruwa na karanta tarihi har na yi mastas, bincikena a kan tsoffin unguwannin fatake na bakin kogin Binuwai. Ba a littafi na same shi ba, a bakin tsofaffi ne. Na yi ta zama a gabansu da ’yar na’urar ɗaukar murya, nan Garwa da Bibemi da ƙauyukan da ke tsakani, wani da Hausa, wani da Fulatanci, wani sai ka sha shayi uku tare da shi kafin ya fara gaya maka gaskiya. Lokacin ban san wannan zaman yana da wani amfani ba in ba na samun takarda ba.

Da na gama babu aiki. Na shiga jarrabawar ɗaukar ma’aikatan gwamnati sau biyu ban fita ba. Aminin Baba, Alhaji Mahamman, shi ya rufa mini asiri. Yana da makarantar faranko-arab, mai haɗa boko da Larabci, a unguwarmu, ya ɗauke ni koyar da tarihi da Faransanci. Ranar da Baba ya kai ni, a gaban mutane ya ce masa ya ba shi ni halak malak. Yau shekara huɗu ke nan. Albashin ba shi da yawa, amma mutumin bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma da na yi rashin lafiya shi ya tsaya a kaina a asibiti. Ki riƙe wannan, don zai dawo.

Sanarwar aikin abokin aikina Louis ne ya turo mini, malamin lissafi na makarantarmu. Na ce masa ya daina yi mini ba’a. Ya nuna mini inda suka rubuta cewa kowane irin digiri suna karɓa, sharaɗin dai a iya harsunan yankin. Muka yi yarjejeniya: ni in gyara masa Faransancin wani rubutu da yake yi, shi kuma ya koya mini kaso cikin ɗari. Hajiya, da littafin ajin ƙarshe na firamare muka fara. A ɗakin malamai cikin jarida nake ɓoye shi. Wata rana ya faɗo ƙasa a gaban kowa, na ce na wani ɗalibi ne na kama.

Ranar gwajin ɗaukar aikin, waɗanda na tarar a layi sun karya mini gwiwa. Masu kwat da wando daga Duwala da Yawunde da Ngaundere, duk sun karanta gudanarwa ko tattalin arziki, suna hira da kalmomin da ban taɓa ji ba. Ni kuwa da kaftanina. A takardar lissafi rabi na amsa, rabin ma ban rantse ba. Na so in hau babur in koma gida, sai dai na ji nauyin Louis da ya raka ni yana jira a waje.

Sashe na biyu, shugabar ofishin, Madam Angélique, ta ba mu wata matsala ta gaske da suke fama da ita, ba tare da ta faɗi sunan wurin ba, ta ce dai wajen Ngong ne. Wata ƙungiyar manoma ta gina babban sito domin mambobi su riƙa ajiye masara bayan girbi, su jira farashi ya tashi. Kafin a gina an bi manoman an tambaye su, tara cikin goma suka ce za su kawo. An gina, kaka ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, siton yana nan kusan wayam. Tambayar ita ce: me ya faru?

Abokan gwajina suka duƙufa. Wani ya lissafa kuɗin dako, wani ya zana yadda farashi ke hawa da sauka, wata ta fito da asarar da ƙwari ke yi. Wallahi sun burge ni. Da aka zo kaina ba ni da lamba ko ɗaya. Sai na ce ina da tambaya kawai: da wane harshe aka yi wa manoman magana, kuma wace kalma suka faɗa da bakinsu da aka rubuta ta a matsayin “oui”, wato “e”? Wani a bayana ya yi dariya. Madam ba ta yi ba. Ta ce da Fulatanci aka yi, kuma an ɗauki muryoyin, suna cikin kwamfutarta, amma ba wanda ya taɓa saurara tunda an riga an juya amsoshin zuwa Faransanci. Ta kunna.

Na farko ya ce “to”. Na biyu ya ce “tooo”. Na uku ya ce “to, to”. A bayan kowace murya kuma ina jiyo wani dattijo yana amsa gaisuwar masu wucewa, ana ce masa jauro. Wato a ƙofar mai gari aka tara su, yana zaune.

Sai bakina ya buɗe. Na ce musu “to” ba “e” ba ce, a Hausa ko a Fulatanci. Akwai gajeriya mai nufin na ji ka. Akwai wadda ake ja, mai nufin kai dai faɗi naka. Akwai “to, to” ta sallama, wadda ke nufin ka tashi haka nan. Akwai “to, Allah ya kai mu”, wadda ba ta ɗaure kowa ba. Ba mutumin kirki da zai ce wa baƙo a’a a gaban mai garinsa. Na ce abin da tsofaffi suka koya mini shi ne, wanda ya yarda da gaske ba ya tsayawa a “to”, sai ya biyo ta da tambaya: yaushe, ko ina, ko wa zai riƙe makulli. Madam ta yi ta kunnawa, muna saurare. Waɗanda suka tambayi makulli ba su cika yatsun hannu ba. Ta duba, su ne kusan duk waɗanda suka kawo masarar. Na ƙara da cewa ina zargin sauran ba sa son maƙwabta su ga yawan buhunansu, don dangi za su yi layi, amma wannan zato ne, sai an koma an tambaye su ɗaya ɗaya a gidajensu.

Madam ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye, ta ce sun daɗe suna neman ɓarawon a cikin lambobi ashe yana cikin kalma ɗaya. Da ta kira ni a waya ba ta ɓoye mini ba: ta ce lissafina abin tausayi ne, kunnena suke so, sauran kuma in gyara kafin ƙarshen horo, don akwai wani gwajin a can. Hajiya, ni! Na yi sujada a tsakar ɗaki.

To ga inda na maƙale. Na so in jira lokacin da ya dace in gaya wa Baba, amma abin ya fi ƙarfina. Ranar Juma’a bayan an sauko masallaci, yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida da abokansa kamar kullum, su Alhaji Mahamman da sauransu, na durƙusa na zazzage labarin duka, har da Duwala. Mutane suka yi ta barka. Baba ya dube ni ya ce “to”. Shi ke nan. Ba gajeriya ba, ba doguwa ba. Bai biyo ta da tambaya ba. Ya ce a miƙo masa buta.

Ni da na rarrabe “to” ɗin manoman da ban taɓa gani ba, na kasa karanta ta mahaifina. Tun ranar bai sake tayar da maganar ba. Inna ta ce in ƙyale shi. Kamilu ya ce duk kamfanin da ya ɗauki wanda bai iya ba da canji ba don ya koya wa mutane kasuwanci, to kamfanin ne ke buƙatar shawara, amma kuma shi ne ya cika kasuwa da labarin, har masu kayan miya suna ce mini Musye Konsiltan. Ba zan taka motar Ngaundere in kama hanyar Duwala ba sai da yardar Baba, wannan babu tantama. Kuma ina tsoron in bar aji, in faɗi gwajin ƙarshe, in dawo ba makaranta ba kamfani, na kunyata shi a banza. In ɗauki “to” ɗin a matsayin izini in tafi? Ko in haƙura in zauna inda Allah ya ajiye ni?

Ɗan Mahauci, Garwa.

*

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Barka da arziki. Bari in fara da tabbatar maka abin da ka samu, domin na ga kana ɗaukarsa kamar tsintuwa. Ba tsintuwa ba ce. Na kai labarinka, ba tare da suna ba, wurin mutum biyu da suka daɗe a wannan sana’a, ɗaya a Duwala, ɗaya a nan arewa. Dukansu abu ɗaya suka ce: kafin a lissafa lamba ana tambayar daga ina ta fito, kuma yawancin sababbin shiga sai sun yi shekaru kafin su koyi haka. Kai ka zo da shi. Karatun tarihi shi ne koyon tuhumar shaida: wa ya faɗa, a gaban wa, yana tsoron me. Abin da ka yi a ɗakin nan ke nan. Ka kuma raba abin da ka tabbatar da abin da kake zato, a gaban mutanen da kake son burgewa. Wannan ya fi kalmar da ka gano daraja.

Yanzu lissafi. Kada ka raina shi, kada kuma ka mai da shi dodo. Kunne shi kaɗai ba zai riƙe ka a aikin ba. Ranar da za ka tsaya gaban shugaban wata ƙungiya ka ce masa mutanensa ba su yarda ba, zai tambaye ka su nawa, kuma me hakan zai jawo masa. Dole amsa ta fito daga bakinka. Amma abin da ake buƙata a matakinka yana da iyaka: kaso cikin ɗari, matsakaici, règle de trois (in ka san kuɗin buhu uku ka fitar da na biyar), ƙiyasi da ka, da iya jera lambobi a kwamfuta ka sa ta yi maka nauyin aikin. Babu ɗaya a ciki da ya wuce ajin farko na lise. Ka ci gaba da Louis har ranar tafiya, kaɗan kaɗan kullum, da misalan buhu da kilo da kilomita, ba na littafi kawai ba. Littafin firamaren kuma ka fito da shi daga cikin jarida. Shugabarka ita ta duba takardarka, ta san abin da ta saya, ba ka da asirin da za a tona. A makon farko ka tambaye ta abin da gwajin ƙarshe ya ƙunsa. A aiki, duk lambar da za ta fita da sunanka ka ba wani ya duba. Masu digirin lissafin ma haka suke yi, in masu hankali ne.

Zama a makaranta ba faɗuwa ba ne. Koyarwa aiki ne mai mutunci, kana kusa da iyayenka, kuma wannan sabuwar hanyar tana da tafiye-tafiye da matsin lokaci da gwajin da za a iya faɗuwa. Na auna wannan duka. Shawarata ka tafi. Irin wannan ƙofar ba ta cika buɗewa ga mai digirin tarihi ba, kuma abin da ake nema a wurinka abu ne da yankin nan ke asara saboda rashinsa. Siton da ke tsaye babu masara ba shi kaɗai ba ne a arewa.

Saura “to” ɗin Baba. Amsar tana cikin wasiƙarka, ka rubuta ta ka wuce. Wa ke zaune a gindin darbejiyar? Alhaji Mahamman. Kai da ka kama kuskuren wanda ya tambayi manoma a ƙofar jauro, ba a yi mako ba ka maimaita shi a ƙofar gidanku. Ka tambayi mahaifinka a gaban mutumin da ya damƙa ka a hannunsa da bakinsa, cikin jama’a. In ya ce ya yarda, ya ƙwace kyautarsa a gaban mai ita. In ya ce a’a, ya kashe maka murna a gaban mutane masu yi maka barka. Kalma ɗaya ka bar masa, ita ya ɗauka. Saboda haka “to” ɗin nan ba izini ba ce, ba kuma hani ba ce. Bai amsa ba tukuna, domin ba a yi masa tambayar a inda zai iya amsawa ba. Butar da ya nema hanyar tashi ce daga wurin.

Makullin yana hannun Alhaji. Ka je gidansa, ba ofishin makaranta ba, kai kaɗai. Ka ba shi haƙurin jin labarin a cikin taro, don ya kamata ya riga kowa ji bayan iyayenka. Kada ka je hannu rabbana: ka je da sunan wanda zai iya karɓar ajinka, cikin abokan karatunka na Maruwa ba za a rasa mai nema ba, kuma ka yi alkawarin miƙa masa darussa da makin yara a tsare. Mutumin da ya tsaya a kanka a asibiti ba na tsammanin zai tare maka hanya. In ya sake ka, ka roƙe shi ya faɗa wa Baba da kansa. Maganar tsakaninsu aka ƙulla ta, a can za a kwance.

Bayan haka ka samu Baba shi kaɗai, ka yi masa tambayar da “to” ba za ta iya amsa ta ba. Kada ka ce ko ya yarda. Ka tambaye shi wa zai so ka fara gaisarwa cikin mahautan Garwa da ke Duwala, ko me yake tsoro game da tafiyar. Sannan ka yi shiru, irin shirun da ka iya yi a gaban tsofaffin Bibemi. Mai yiwuwa akwai wata damuwar da ba ta Alhaji ba, ka bar masa fili ya faɗe ta.

Abu na ƙarshe, kuma kada murna ta sa ka tsallake shi: kiran waya ba kwantiragi ba ne. Ka nemi a ba ka a rubuce, da ranar farawa, da wanda zai ɗauki masauki a Duwala, da abin da zai biyo baya in gwajin bai yi kyau ba. Ka yi wa Alhaji magana yanzu, amma kada ka ajiye alli sai takardar ta shigo hannunka. Kamilu kuma ka bar shi da tsokanarsa. Wanda ya kai labarinka har wurin masu kayan miya ya gama gaya maka ra’ayinsa.

Allah ya sa albarka a wannan aiki, ya buɗe maka lambobi kamar yadda ya buɗe maka kunne, ya dawo da kai Garwa lafiya.

Na karanta wa mai wasiƙar wannan amsa a waya kafin a buga ta, kuma ya sake kirana kafin mu rufe shafin. Ya je wurin Alhaji Mahamman, wanda ya yi masa faɗa a kan jin labarin a taro, sannan ya sake shi, ya kuma taka da kansa zuwa wurin amininsa. Mahaifin bai ce wa ɗansa komai ba har yanzu, amma ya tambayi Kamilu ko kilishi yana jure damshin Duwala. Kamfanin ya ce kwantiragin yana hanya. Zuwa yanzu bai iso ba.

Karimatu